Shekarar Da Muka Rufe Tudun Kwarin Inna

Kun girma kuna jin magana biyu a kaina a gidajen suna da na biki, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ku ya ɗauko muku labarin daga tushe. Ta farko, wai ni ce na ƙarar da garken kawunku Bukar. Ta biyu, wai korata aka yi daga mujalla saboda taurin kai. Duka biyun a shekara guda suka faru, kuma akwai gaskiya a cikin kowace, sai dai ba yadda ake faɗa ba. Yanzu da na aje aiki, idanuna kuma sun fara gajiya da takarda, gara in rubuta muku da hannuna tun ina iyawa.

A sarbis ɗin gandun daji na Gure nake aiki a lokacin, amma ni ba na cikin masu ƙwace gatari a hannun masu saran itace. Aikina baki ne. Ina bin lakwal-lakwal, wato makarantun boko, da dandalin ƙauyuka ina yi wa yara da manya bayanin itace da tsuntsu da rairai, abin da ke riƙe ƙasa da abin da ke sakinta. Daga baya aka ɗora mini wata ƴar mujalla da sarbis ke fitarwa don makarantu, rabi Hausa rabi Faransanci, ana buga ta a Damagaram. Ba ta da kauri, takardarta ma ba ta da kyau, amma ban taɓa son wani aiki kamar yadda na so ta ba. Ni ke tattara labarin barewa da tuji daga bakin tsofaffin makiyaya da ƙaramar kaset ɗina, ni ke zaɓen zanen da yara suka aiko, bushiya mai kama da tukunya, raƙumi mai ƙafa biyar. A ƙauyukan da ba littafi ko ɗaya sai allo, mushe, wato malamin lakwal, yakan tara yara a inuwa ya karanta musu ita daga bango zuwa bango, iyayensu na tsaye a baya suna saurare. Na taɓa sayen ƙosai a Gidigir aka naɗe mini shi da shafin da na rubuta a kan ungulu, mai ƙosan kuma ta faɗa mini abin da ke cikin shafin kafin ta miƙo. Ranar na koma gida ina jin kamar an yi mini kyautar doki.

Garinmu kun san shi, ƙauye ne a bakin kwari tsakanin tuddan rairai, inda ruwa ke kusa da ƙasa, dabino da goriba da ƴan lambuna suka cika gindin. Kakarku Inna tana da layin dabino a gefen arewa wanda ta gada daga uwarta. Da ranin shekarar ta aiko a kira ni. Inna ba ta aike sai da dalili, don haka na hau moto, wato babur, tun da safe. Ba ta bari na sha ruwa ba, ta ja ni har ƙarshen layin. Tudun da muke hawa muna gangarowa muna yara, wanda a da yake can nesa bayan goriba, ya sauko ya shigo kwari. Dabinon ƙarshe rairai ya kai masa wuya, ganyensa kawai ke waje yana kaɗawa. Daga nan zuwa rijiyar gari bai fi jifan dutse ba.

"Zara," in ji Inna, "kina yawo kina koya wa ƴaƴan mutane yadda ake tsayar da rairai. To ga na gidanku."

"Inna, ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sai gari duka ya yarda."

"To ki sa su yarda. Ba bakin ne aikinki ba?"

A lokacin akwai wani furoje, wato shirin taimako, da wasu baƙi daga waje ke ɗaukar nauyinsa, na tsayar da tuddai a kwaruruka. Na kai maganar garinmu biro, wato ofishinmu, aka zo aka duba, aka ce ya cancanta. Yadda ake yi ba wuya a faɗa: a sassaro itacen kalimbo da kaba a kakkafa shinge a jikin tudun gida-gida kamar dara don iska ta rage ƙarfi, in damina ta sauka a dasa ƙananan itatuwa a cikin gidajen, sannan a rufe wurin damina uku, ko akuya ɗaya kada ta taka. Wahalar tana cikin wannan na ƙarshen. Bayan tudun da kewayensa nan ne dabbobin gari ke kiwo, ta nan kuma suke gangarowa rijiya. Wanda ya fi kowa dabbobi a garin kuwa shi ne yayana Bukar, wanda ya goya ni a bayansa, wanda ya sayar da ɗan maraƙinsa ya saya mini kaye da bik, littafin rubutu da alƙalami, shekarar da na shiga kolej.

An yi taron a ƙofar bulama, mai garinmu. Na yi bayani da Hausa, na maimaita da Barbarci saboda tsofaffi. Masu lambu suna gyaɗa kai. Masu dabbobi suna kallon juna. Yaya Bukar yana can gefe a tsugune, sandarsa a kan gwiwa, sai da kowa ya gama ya ɗago.

"Ina da tambaya ga Madam," ya ce. Bai taɓa kirana Madam ba sai ranar. "Mun kwashe dabbobinmu mun yi arewa, mun bar muku tudu. In ruwa bai zo ba fa?"

"Yaya, ruwa na Allah ne, ba zan yi maka alkawarinsa ba. Abin da na sani, na ga inda aka yi haka tudu ya tsaya. In kuwa ba a yi ba, rijiyar nan ba za ta kai shekara biyu ba, kuma dabbobinka ma a nan suke sha."

"Kin gani da idonki, ko a takardarki kika rubuta?"

"Na gani, Yaya."

Sannan ya ce shi ba zai zama wanda ya hana ba. Bayan kwana kaɗan ya kora shanunsa da awaki da ƴan raƙumansa ya nufi wajen Alakos, tun kafin lokacin da ya saba tafiya, sauran masu dabbobi suka bi shi. Ya bar matarsa Yagana da ƙananan yara a gida.

Aikin shinge ya tafi yadda ake so. Maza na sara, mata na ɗauka a ka, har tudun ya zama kamar an shimfiɗa masa raga. Ruwan farko ya sauka da ƙarfi, kamyo, babbar motar kaya, ya kawo dashe daga gandun renon itatuwa na Gure, muka dasa cikin murna, wani ɗan biro ya zo ya ɗauki foto, tudu ya yi kore shar da ƙananan ganye. Daga nan sama ta rufe bakinta.

Ban san yadda zan kwatanta muku waɗannan makonnin ba. Ku kuna ƙanana, Amina babbarku ce kawai za ta iya tuna wani abu. Kowace la'asar nakan fita bayan gida in tsaya ina kallon gabas. Hadari yakan taso ya yi baƙi har kaji su shige akurki, iska ta kaɗa, sai ya watse ya bar mu da zafi. Abinci ya daina shiga mini. In na zauna gyara shafin mujalla sai in ga na karanta layi ɗaya sau da yawa ban san me ya ce ba. Duk moton da ya tsaya a ƙofar gida sai in fito da sauri, don na san daga ƙauye ne, kuma ba labari mai daɗi ake kawowa ba. Matan gari sun ɗauki jarka suna hawa tudu da jakai suna ba dashen ruwa ɗaya bayan ɗaya, rairai na shanyewa kafin su juya baya. Nakan je in same su, in karɓi jarka ni ma, in duƙa in taɓa ganye ya murmushe a yatsana. Ba wadda ta ce mini komai. Da sun yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Babanku, wanda kowa ke kira Mushe Isa har ni, yana koyarwa a lakwal ta unguwarmu. Mutum ne mai sanyin magana. Wata rana ya same ni a bayan gida ya tsaya kusa da ni.

"Zara, kallonki ba zai jawo shi ba. Zo ki ci tuwo."

"Mushe, mutane sun kwashe dukiyarsu a kan maganata."

"A kan maganarki da idonsu. Su ma sun ga rairai a bakin rijiya."

"In dabbobin Yaya suka mutu, ba rairai za a ce ba. Zara za a ce."

Ya juya ya je ya ɗauko mini tuwon.

Labarin arewa ya fara zuwa guntu-guntu. Can ma ruwan ya yanke. Makiyaya daga ko'ina sun taru a kan rijiyoyi ƙalilan, ciyawa ta ƙare tun ba a je ko'ina ba. Waɗanda suka saba, in abu ya yi tsanani, su komo bayan tudunmu su lallaɓa da ɗan abin da ke nan, bana ba su da wurin komowa, gardin da furoje ya ɗauka na tsaye a bakin shinge. Ranar wata kasuwa Yagana ta shigo gidanmu da goyo. Ta gaishe ni kamar kullum, ta zauna a bakin tabarma, ta ƙi matsowa ciki.

"An ce shanun sun fara kwanciya," ta ce. "In saniya ta kwanta sai an taru an ɗaga ta. Wadda ba ta tashi ba a yanka."

"Shi Yaya lafiyarsa ƙalau?"

"An ce ya rame." Ta gyara goyonta. "Zara, ba za a buɗe ko gefe ɗaya ba? Ko na wata guda?"

Na san in aka buɗe gefe ɗaya, awaki za su cinye ɗan abin da ya rage cikin yini biyu, shingen ma su tattake shi, wahalar kowa ta tashi a banza. Na kuma san ciyawar da ke wurin ba za ta riƙe garken gari ko mako guda ba. Na faɗa mata haka. Ta saurara har na gama, ta ce to, ta tashi. Furar da na dama mata tana nan a kwano ba ta taɓa ba.

Ruwa ya dawo a ƙarshen damina, kaɗan, bayan an riga an yi hasara. Da na hau tudun na zagaya, akasarin dashen ya bushe. Abin da ya rayu tsiraru ne a gindin tudu da inda shinge ya yi kauri. Shingen kansa dai ya yi aikinsa, rairai ya taru a jikinsa bai ƙara gangarowa ba.

Ana cikin haka darekta ya kira ni Damagaram. Mutumin kirki ne, kada ku ɗauke shi mugu, ya daɗe a aikin kuma yana son daji da gaske. Ya ajiye mini foton nan na makon dashe a kan tebur.

"Madam, baƙin furoje za su zo bayan kaka. Ina son fitowa ta gaba ta zama ta kwarinku. Wannan a bango."

"Ranka ya daɗe, abin da ke cikin foton nan ya mutu."

"Na sani. Za a sake dasawa baɗi."

"To mu rubuta haka. Mu ce shinge ya riƙe, dashe ya mutu, makiyaya sun yi hasara."

Ya cire tabarau ya murza idonsa. "Mutanen nan ba su san rairai ba, Madam. In suka ga kalmar mutuwa za su ce kuɗinsu ya tafi a banza, su janye. Akwai kwaruruka da ke jiran layi. Kin san su, kin sha ruwan rijiyoyinsu. Ki yi tunaninsu."

Ya ba ni mako guda. Wannan makon ya fi mini makonnin jiran ruwa nauyi, don ruwa ba a hannuna yake ba, wannan kuwa a hannuna yake. Maganar darekta ba ƙarya ba ce. Nakan rufe ido in ga wani kwari da ke gabas da namu, inda wata tsohuwa ta taɓa cika mini gyale da dabino, su ma tudu na kansu. Sai kuma in ga mushen garinmu ya tara yara a inuwa ya buɗe mujalla, ya nuna musu koren tudu, alhali iyayensu mata da suka hau da jarka suna tsaye a baya, tudun gaskiya kuma yana gabansu. Daga ranar wa zai ƙara yarda da abin da na rubuta a kan barewa ko a kan gawo? Ga kuma garuruwan da ke shirin yin irin namu. In ban faɗa musu mun yi gaggawar dasawa a kan ruwan farko ba, in ban faɗa musu su tanadi inda dabbobi za su koma kafin su rufe ba, za su faɗa ramin da muka faɗa.

Na tambayi babanku. Ya ce shi abin da ya sani, in ya koya wa yaro lissafin ƙarya don sufeto ya ji daɗi, yaron ne zai biya a kasuwa. Amma ya ƙara da cewa aikina ne, kuma duk wanda na zaɓa tuwon gidan nan ba zai yanke ba. Na je wurin Inna ma. Ta saurare ni tana tsinke ƙaya daga kaba, sannan ta juya zuwa Barbarci, yadda takan yi in magana ta kai mata zuci.

"Ɗana yana can yana yanka shanunsa. In za ki rubuta tudu, ki rubuta shi ma. In ba za ki rubuta shi ba, ki bar tudun."

Na koma Damagaram da rubutuna a hannu na ajiye wa darekta. Na sa foto biyu, na makon dashe da na yanzu. Na faɗi abin da ya riƙe da abin da ya mutu da dalilin da muke zato, na faɗi halin da makiyayan garin suka shiga ba tare da na ambaci sunan kowa ba. Na ce masa in bai yarda ba, ya ba wani ya rubuta, amma a cire sunana. Ya karanta har ƙarshe bai ɗago ba.

"Ki kai a buga," ya ce. "Amma in suka juya baya, Madam, ba zan iya tsare ki ba. Na sama da ni za su nemi wanda za su nuna."

Baƙin sun zo, an fassara musu, sun hau tudun da kansu. Ba su janye duka ba. Sun ce za a ci gaba a inda aka riga aka fara, har da namu, amma ba za a buɗe sabbin wurare ba sai an sake nazari. Nazarin ya ɗauki shekaru. Kwarin tsohuwar nan mai dabino yana cikin waɗanda aka dakatar, kuma kafin a waiwaye su rairai ya cinye rabinsa, gidaje da yawa suka tashi. Ina faɗa muku wannan don kada wani ya ba ku labarin kamar na yi nasara. Har yau in hanya ta bi da ni ta wajen, nakan yi shiru a mota. Ni kuwa, takarda ta zo cewa an mayar da mujalla hannun biro na Damagaram don a inganta ta. Ta fito sau kaɗan cike da hotunan taro, daga nan ba a ƙara jin ta ba. Aka bar mini moto da yawon lakwal, shi na yi har na aje aiki. Ranar da na kwashe kaset-kaset ɗina da zanen yara daga biro na zuba a kwali, sai da na shiga bayan ɗaki na yi kuka inda ba za ku gan ni ba.

Yaya Bukar ya dawo da sanyin shekara. Wanda ya tafi da garken da ƙurarsa ke rufe hanya, ya komo da abin da yaro ɗaya zai iya korawa. Na je yi masa barka da zuwa, ya amsa daga cikin ɗaki bai fito ba. Na sake zuwa da Sallah, ya gaisa da babanku hannu biyu, ni kuma ya dubi gefena ya ce ina gajiya. Haka muka yi wata da watanni. A taron dangi sai in ji an yi shiru in na shigo. Inna ba ta shiga tsakaninmu ba, ta ce mu biyun manya ne.

Da damina ta zagayo muka sake dasawa, wannan karon sai da ruwa ya zauna sosai. Ya kama. Amma ni ban sake ba, don saura damina biyu, ga mutane sun gaji, gardin da furoje ya ɗauka kuma ya fara sakaci. Kullum ina jiran ranar da za a zo a ce mini an fasa shinge an tura dabbobi, kuma in gaskiya za a bi, na san wanda ya fi kowa hujjar yin haka.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina tsakar gida ina wanke muku kaya, na ji sallama a zaure. Muryar Yaya ce. Bai taɓa taka gidanmu ba tun kafin ya tafi arewa. Na tsaya da sabulu a hannu. Babanku ya fita, na ji suna gaisawa, na ji ya ce masa ya shigo ciki, na ji ya ce a'a, nan ma ya isa. Na matso jikin bango.

"Mushe, ka faɗa wa matarka shingen arewa ya ɓalle wajen tsohuwar aduwa. Awakin wasu baƙi na shiga da sassafe. Gardin furoje barci yake."

"To, za a faɗa a biro."

"Biro." Ya yi tsaki. "Na riga na toshe da ƙaya. Daga yau ni zan riƙa kwana a wajen. Shanuna sun mutu saboda tudun nan. Ba zan zauna ina kallo awakin wani su cinye shi a banza ba."

Na ɗauraye hannuna, na dama fura, ban aiki kowa ba na ɗauka da kaina zuwa zaure. Na durƙusa na ajiye a gabansa na ce, "Yaya, sannu da hanya." Ya rame ƙwarai, furfura ta fito masa a gemu. Bai dube ni ba. Ya daɗe yana juya ludayi a cikin kwanon, har na fara tunanin tashi.

"Ba sukari a gidan nan ne, Zara?" ya ce.

Na tashi da sauri na je na kawo.